Dasin Hausa: Dam Ɗin Da Har Yau Yana Kan Takarda

Da zarar Agusta ta raba tsakiya, akwai labarin da kunnuwanmu suka saba da shi a rediyo: Kamaru za ta buɗe dam ɗin Lagdo, mutanen bakin Binuwai su tashi su koma kan tudu. A majalisar ƙofar masallacin unguwa sai gardama ta kaure. Wani ya ce mugunta ce kawai ta maƙwabci, wani ya ce ai gwamnatinmu ce ta yi sake, wani kuma ya ce ina ruwan Mubi da Binuwai. Mai wannan magana ta ƙarshe yana da 'yar gaskiyarsa. Koginmu Yadzaram ba ya zuba a Binuwai, arewa yake nufa, ya ratsa ta Bama ya doshi Tafkin Chadi. Ko da an buɗe ƙofofin Lagdo duka, ɗigo ɗaya ba zai shigo unguwar nan ba.

Sai dai wane gida ne a nan ba shi da ɗan uwa a Jimeta ko Numan? Shinkafar da muke auna da busasshen kifin da ake kawo mana, da yawansu daga wannan kwari suke. Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu: kogin da ke cinye gonakin 'yan uwanmu duk 'yan shekaru, shi ne kuma wanda aka yi alkawarin zai haskaka jihar nan fiye da shekara arba'in da suka wuce. Mai walda da ke zaune ya zuba tagumi don ba wuta, da mai niƙa da ke sayen gas da tsada, da matar da ƙanƙararta ta narke kafin a sha ruwa da azumi, duk suna da haƙƙi a cikin wannan tarihi.

Dattawanmu suna tuna ƙuri'ar Fabrairun 1961. Kafin ita, Mubi ba Najeriya ba ce kai tsaye. Jamus ce ta fara riƙe ta a cikin Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingila a matsayin amana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila inda suke so, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 aka haɗe, aka kafa Lardin Sardauna, hedikwatarsa a nan Mubi. Na kawo wannan ne don abu guda: da ƙuri'ar ta juya, da yau wayar wutarmu Lagdo za ta nufa, wadda a miƙe ba ta kai kilomita 150 daga nan ba. Da yake Najeriya aka zaɓa, sai aka ɗaura mu a kan Kainji, mai nisan fiye da kilomita 900. Ba nadama nake yi ba, a fahimce ni. Lissafin nisa kawai nake yi.

Yadda ruwa ke zama wuta ba tsafi ba ne. Ana neman inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, a gina katanga a tare shi, ruwa ya taru ya yi tsawo. Daga nan sai a bar shi ya faɗo ta cikin manyan bututu, ya bugi farfela, farfela ta juya janareto, wuta ta fito, taransifoma ta ɗaga ƙarfinta don ta iya doguwar tafiya a waya. Abu biyu ne jarin: yawan ruwa da tsawon faɗuwarsa. Ba a ƙona mai, ba a ƙona gas, ruwan ma ba ya raguwa, yana gama aikinsa yake komawa kogi. Shi ya sa in an gama biyan kuɗin gini, wutar dam ta fi kowace araha. Aibinta shi ne tana jiran sama. In damina ta yi rowa, injin ya yi barci.

Najeriya ta fara wannan babban aiki a kan Kogin Kwara. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, a 1964 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin Kainji, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanonin Italiya suka yi ginin. Abin mamaki, juyin mulki biyu na 1966 da yaƙin basasa ba su tsayar da aikin ba. An gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a Fabrairun 1969. An tanadi gurbin injuna goma sha biyu, aka sa takwas masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun da hukumar lantarki ta ECN, aka haifi NEPA, sunan da har yau yaranmu ke kira in an kawo wuta, duk da an daɗe da binne ta.

Kainji tana da wata baiwa. Kwara sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina, ruwa mai laka da masana ke kira farin ruwa. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda aka yi tun a tsaunukan Gini, ya yi ta jan ƙafa a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso Kainji cikin sanyin hunturu, watanni bayan ɗaukewar ruwa. Binuwai ba shi da wannan gata. Shi sau ɗaya yake zuwa, da fushi, tsakanin Agusta da Oktoba, da rani kuwa sai ka ga yara suna buga ƙwallo a kan yashinsa a Jimeta. A riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Ba kyauta aka samu wutar Kainji ba. Tafkin ya kai tsawon kilomita 135 ko kusa da haka, ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya hallaka a 1806, ya haɗiye tsibiran Gungawa da gonakinsu na albasa, ya ci wani sashe na ƙasar Yawuri. Fiye da mutum dubu arba'in aka tasa. An gina musu Sabuwar Busa da sababbin ƙauyuka na siminti, amma ai ba a ɗaukar fadama a kai a kai ta wani wuri, kuma ba a ƙaura da kabarin kaka. Bayan Kainji aka yi Jebba a 1985, da Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990 mai megawat 600, sai Zungeru mai 700 a 'yan shekarun nan. Ku lura, dukkansu a kusurwa ɗaya suke, can yamma da mu.

Daga can wuta ke tasowa, ta bi ta Kaduna, ta hau Jos, ta gangara Gombe, ta shigo Adamawa, kafin ƙaramin layi ya ɗauko abin da ya rage ya kawo Mubi. Kamar akushin tuwo ne da ya ratsa zaure goma kafin ya iso naka. Kowane zango yana ɗiba, waya kanta tana shan nata, kuma in turke ɗaya ya faɗi a daji, duk na bayansa sun shiga duhu. Mun gani a Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Adamawa da Taraba da Gombe suka yi makonni ba wuta. A Oktoban shekarar kuma, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace, na kudu da ke taimakawa shi ma ya samu matsala, kusan duk Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Mu da muke wutsiya, mu ake fara yankewa, mu ake ƙarewa da mayarwa.

To, yanzu mu tsallaka iyaka. Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ɗan Garwa ne, kuma bai manta da gida ba. A zamaninsa, daga 1977 zuwa 1982, wani kamfanin gwamnatin Chaina ya gina dam a Lagdo, inda Binuwai ya ratsa tsakanin duwatsu biyu, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa. Katangar ba wata doguwa ba ce, mita 308 ne, tsayinta mita 40, amma ta tare tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 600. Injuna huɗu aka sa, kowanne megawat 18, jimla 72. In aka gwada da Kainji, ɗan ƙarami ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Amma shi ya riƙe Garwa da Marwa da Ngaundere shekaru da dama. Fatakenmu masu bin Sahuda su tsallaka Bukula su gangara Gidar sun sha dawo mana da labarin cewa can fitila ba ta ƙiftawa. A wancan zamani ba ƙarya suke yi ba.

Tafkin ya kuma jawo masunta daga ko'ina, har da Hausawa daga wannan ɓangare, ƙauyen ya zama kasuwar kifi. A ƙasan dam ɗin kuwa, manoman masakwa, dawar nan da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, sun ga canji, domin ambaliyar da ta saba jiƙa musu fili kowace shekara ta daina zuwa yadda suka sani. Mutane da suka ga kogi ya yi ladabi sai suka matso, suka yi gini da noma a wuraren da kakanninsu ba sa kwana da damina. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ɓarna ta yi yawa ranar da ruwa ya tuna tsohuwar hanyarsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai kula da dam mai ba da wuta, burinsa damina ta ƙare tafki yana cike maƙil, domin da wannan ruwan zai juya injin har wata bakwai ko takwas na rani. Mai son kare ambaliya kuwa so yake a bar tafki da sarari, don in ruwa ya zo da yawa ya samu wurin zama. Buƙatun nan biyu kishiyoyi ne, kuma a kogi irin Binuwai mai zuwa sau ɗaya, kishin ya fi zafi. In ma'aikacin Lagdo ya zubar da ruwa da wuri, sannan sama ta ɗauke, Garwa za ta sha duhu da bazara, shi za a zaga. In ya riƙe, sannan ruwa ya ɓarke a ƙarshen Agusta, ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofofi a lokaci guda, in ba haka ba katanga ta fashe, wanda ya fi komai muni. A daidai lokacin kuma kogunan da ke ƙasansa duk sun cika sun batse. Ruwan da ya saki sai ya hau kan nasu.

Haka aka yi a 2012. Daga ƙarshen Agusta ruwa ya mamaye Fufore da Girei da Yola da Demsa da Numan da Lamurde, ya wuce Taraba da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja har ya datse hanyar Abuja. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce a faɗin Najeriya mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 aka maimaita, ta ma fi muni, waɗanda suka rasu suka haura 600. Allah Ya jiƙansu. Tsakanin shekarun biyu an dai samu ci gaba guda: ƙasashen sun amince Kamaru ta riƙa sanarwa kafin ta buɗe. Sanarwar da muke ji a rediyo ke nan. Sanarwa tana ceton rai, amma ba ta ɗauke gonar shinkafa daga bakin kogi.

Duk lokacin da aka yi irin wannan, suna ɗaya ke dawowa bakin 'yan jarida da 'yan majalisa: Dasin Hausa. Ƙauye ne a bakin Binuwai, a ƙaramar hukumar Fufore, gabas da Yola. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa irinmu ne suka sauka a wurin, baƙin da suka zo neman abinci suka zama 'yan gari. Tun farkon shekarun 1980, daidai lokacin da ake kammala Lagdo, aka zana dam a wannan wuri. Yadda aka tsara, zai ninka Lagdo sau biyu da rabi wajen ɗaukar ruwa, ya ba da megawat 300, ya shayar da hekta kusan 150,000 na noman rani a Adamawa da Taraba da Binuwai, ya kuma tare rarar da ke gangarowa daga Kamaru. Megawat 300, jama'a. Fiye da ninki huɗu na abin da ya riƙe arewacin Kamaru kaf, kuma a cikin jiharmu, inda ba sai wuta ta ratsa Jos da Gombe ba. Shagari ya zo ya tafi, sojoji suka yi nasu, farar hula suka dawo a 1999, an sake nazari, an sake zane, an sha sa shi a jawabi. Har yau ba a aza bulo ba.

An daɗe ana faɗi cewa yarjejeniya aka yi: Kamaru ta gina nata, Najeriya ta gina nata, mu muka saɓa. A 2022 Ministan Albarkatun Ruwa na lokacin, Injiniya Sulaiman Adamu, ya ce babu wata rubutacciyar yarjejeniya irin wannan a ma'aikatarsa, kuma mafi yawan ruwan da ya yi ɓarna na sama ne da na kogunan cikin gida, rabon Lagdo kaɗan ne. Mutane sun ji haushin maganar, ni ma na ji a lokacin. Amma da na zauna da taswira sai na ga rabin maganarsa ba ta da makusa. Mayo Kebbi yana shiga Binuwai a ƙasan Lagdo. Faro, wanda ba ƙaramin kogi ba ne, yana shiga daf da iyaka. Gongola yana shiga a Numan, sannan Taraba da Donga da Katsina-Ala. Ko a rufe Lagdo ruf, waɗannan sun isa su cika Makurɗi. Inda ban bi shi ba shi ne ɗaya rabin. Mayo Kebbi da Faro duk a saman Dasin Hausa suke, wato dam a wurin zai kama su har da na Lagdo, ya sassauta wa Yola da Numan. Kuma ko akwai takarda ko babu, wa ya ce sai maƙwabci ya sa hannu kafin ka gyara katangar gidanka?

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa gini kaɗai ne magani, domin muna da shaida a kusa. A 1982 aka gama dam ɗin Kiri a kan Gongola, a ƙasar Shelleng, don ba da ruwa ga gonar rake ta kamfanin sukari na Savannah da ke Numan. An tashi dubban mutane, ruwa ya taru, an sha maganar sa masa injin wuta, shiru. Dadin Kowa da ke sama da shi, a Jihar Gombe ta yanzu, an gama katangarsa a shekarun 1980 da niyyar samar da wuta, amma sai da ruwa ya yi fiye da shekara talatin yana zuba a banza kafin injunan su fara aiki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Mambila kuwa, wadda a da take ƙarƙashin Lardin Sardauna, wato daga Mubin nan ake mulkinta, megawat 3,050 aka yi mata alkawari a kan Kogin Donga. A 2017 aka sa hannu a kwangilar dala biliyan 5.8 da kamfanonin Chaina, shari'a a ƙasar waje ta riƙe ƙafar aikin. Yaron da aka haifa ranar da aka fara maganarta yanzu yana aurar da 'ya'ya.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba in ana kiran a gina, a gina. Tafkin da ya ninka Lagdo sau biyu da rabi, a kan gonar wa zai kwanta? Ƙasar Fufore shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa zai bazu ya yi nisa. Bata da Fulani da Hausawan da ke bakin kogin, da makiyayan da ke sauka fadama da rani, su ne za su zama mutanen Busa na wannan karo. Ni ina goyon bayan a gina, ban ɓoye ba. Amma in ranar ta zo, ina so a fara da lissafin waɗannan mutane kafin lissafin siminti, a kuma rubuta tun farko wanne za a fifita in an zo Satumba, cika tafki ko barin sarari. In ba a yi haka ba, Lagdo ta biyu za mu gina, mutanen Numan su koma zagin Fufore maimakon Garwa. Sannan a ja babban layi har Mubi, don wutar da aka yi a Fufore tana iya wucewa Abuja ta bar mu da fitilar waya, kamar yadda tun 1976 wutar Kainji ke haskaka Yamai alhali akwai ƙauyuka a bakin tafkin da ba su san ta ba.

Lagdo kanta ta tsufa. Laka ta rage mata ciki, injunan sun haura shekara arba'in, garuruwan da take ciyarwa sun ninka. A wajajen 2020 da 2021 ruwa ya yi ƙasa sosai, Garwa da Marwa suka ɗanɗani rabon wuta irin namu, har fatakenmu suka daina yi mana gori da fitilar da ba ta ƙiftawa. Abin da Kamaru ta yi shi ne ta shimfiɗa manyan gonakin sola guda biyu, ɗaya a Marwa, ɗaya a Gidar, nan bayan duwatsun da muke hangowa daga kasuwar shanu, don rana ta riƙe garuruwan da yini, a adana ruwan dam sai dare. Mu a nan kowa nasa faifan yake ɗorawa a kan kwano, mai hali ya sayi huɗu da batir, marar hali ya kai wayarsa shagon caji. Mutanen Dasin Hausa kuwa suna nan inda suke, suna shuka shinkafa da masara a filin da injiniyoyi suka yi wa alama tun zamanin Shagari, in Agusta ta raba tsakiya su kunna rediyo su ji ko Garwa ta aiko da takarda.